Katin hoton kwamfuta: rage masa ƙarfin wuta domin maganin zafi da tsadar lantarki

Manyan katunan hoto da ake sakawa cikin kwamfutocin zamani sun kai matsayin da guda ɗaya yake cin wutar da ta zarce ta firij da talabijin da fanka biyu in an haɗa su. Dukkan wannan wuta zafi take komawa a cikin ɗaki. Akwai wata dabara da ba ta bukatar sayen komi, wadda ke rage cin wutar katin da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da aikinsa ya ragu ƙwarai ba. Ga yadda al'amarin yake, da abin da ya kamata mai kaya da ɗan kasuwa da ma'aikaci su sani kafin su taɓa injinsu.

Duk wanda ya taɓa shiga situdiyon haɗa bidiyon biki a Maradi ko Damagaram cikin watan Afirilu ya san ƙarar da kwamfuta ke yi idan aiki ya yi mata nauyi. Fankokin cikinta suna kuka kamar za su tashi sama, iskar da ke fitowa daga bayanta kamar ta bakin tanderu, aikin da ya kamata ya ƙare cikin minti 40 kuwa ya kai awa guda, wani lokaci ma injin ya mutu ana dab da gamawa. Mai situdiyon yakan ɗora laifin a kan tsufan injin ko a kan wanda ya sayar masa da shi. Sau da yawa laifin na wani sashe guda ne da ke cikin akwatin, watau katin hoto, wanda masu sayar da kayan ordinater ke kira kart garafik, wanda aka tsara shi domin ɗakuna masu sanyi da ƙasashe masu wadatar lantarki.

Mene ne katin hoto, me ya sa cin wutarsa ke ƙaruwa

Katin hoto wani faranti ne da ake soke shi cikin babban allon kwamfuta, aikinsa shi ne lissafin duk abin da ke bayyana ga idon mai kallo. A tsakiyarsa akwai wata ƙwayar silikon da faɗinta bai wuce na babban tambarin wasiƙa ba, ita ce ƙwaƙwalwarsa. Kamfanoni uku ne na Amurka ke tsara irin wannan ƙwaya ga kasuwar duniya: Nvidia, wanda aka kafa a 1993, da AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006, sai Intel, wanda ya shigo da katunansa masu suna Arc a 2022. Da fari domin wasannin bidiyo aka ƙera waɗannan katuna. Daga baya masu haɗa fim, masu zanen gine-gine, masu taswira, masu ɗab'i da masu binciken kimiyya suka gano cewa suna gaggauta musu aiki ninki ba ninki.

Cikin ƙwayar akwai ƙananan makunnai da ake kira taransisto, irin wanda ya ba tsohuwar rediyon hannu sunanta, sai dai waɗannan ido ba ya ganinsu. Ƙwayar katin RTX 3080 na 2020 tana ɗauke da wajen miliyar 28 daga cikinsu, ta RTX 4090 na 2022 kuwa sama da miliyar 76. Kowane ɗaya yana iya buɗewa da rufewa kusan sau miliyar biyu ko fiye cikin daƙiƙa guda, kuma kowace buɗewa tana cin ɗan abin da take ci na wuta.

Tun 1974 wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Robert Dennard ya nuna cewa idan aka ƙanƙanta taransisto ana iya rage ƙarfin wutar da ke motsa shi, ta yadda ƙwaya za ta ƙara sauri ba tare da ta ƙara zafi ba. Shekara talatin masana'antu suna cin moriyar wannan ƙa'ida: ƙwayoyin da ke aiki da bolt 5 suka koma 3,3, daga nan aka yi ta sauka har kusa da bolt 1. Wajen 2005 sai abin ya tsaya, domin in aka ƙara saukowa makunnan sun daina rufewa da kyau. Tun daga lokacin, ƙarin sauri ya zama yana tafe da ƙarin cin wuta. Alƙaluman kamfanonin da kansu sun isa shaida: katin GTX 1060 na 2016 wat 120 yake ci, RX 580 na 2017 wat 185, RTX 3080 wat 320, RTX 4090 wat 450, RTX 5090 na 2025 kuwa wat 575.

Kada a haɗa shi da raunin kuran

A Nijar, da an ce ƙarfin wuta ya ragu sai hankalin mai gida ya tashi, domin ya san raunin kuran ne ke ƙona injin firij da na famfon ruwa. Saboda haka wajibi ne a rarrabe abubuwa biyu tun da wuri. Wutar da ke shigowa daga bango, mai bolt 220, ba ita ake nufin ragewa ba, kuma rauninta ba ya amfanar kwamfuta da komi. Wannan wuta tana fara shiga wani akwatin ƙarfe da ke cikin injin, wanda ke mai da ita bolt 12. A bisa katin hoton kuma akwai wasu ƙananan na'urori da ke sake sauke ta zuwa kusan bolt 1 kafin ta isa ga ƙwayar. Wannan matakin na ƙarshe kaɗai ake taɓawa, kuma da manhaja ake yi, watau lojisiyal, babu kwance dunƙule babu yanke waya.

Misalin ruwan famfo yana taimakawa wajen fahimta. Bolt shi ne matsin ruwan, kamar yadda tsawon shato ke sa ruwa ya fito da ƙarfi; shi ne masu aikin lantarki ke kira tansiyo. Amfer shi ne yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo. Wat kuwa shi ne abin da ake samu in an ninka su biyun, kuma shi ne kwanter ke ƙirgawa a kai wa mai gida takardar biya. Ƙwayar da ke cin wat 250 da matsin bolt 1 tana jan amfer 250, abin da ya ninka na gida guda sau da yawa, duk a cikin wurin da bai kai tafin hannun jariri ba.

Lissafin da ke bayan dabarar

Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa wutar da makunnan ƙwaya ke ci tana bin abubuwa biyu: saurin bugunta, wanda ake aunawa da megahaz, da matsin wutar da aka ba ta. In an rage sauri da kashi 10 cikin 100, cin wuta ya ragu da kashi 10. Matsi kuwa sau biyu yake shiga lissafin, watau ana ninka shi da kansa, shi ya sa rage shi da kashi 10 ke rage cin wuta da kashi 19. Katunan Nvidia na 2020 sukan kai milibolt 1050 ko sama da haka idan aiki ya yi nauyi. In aka tsayar da su a 900, sai a ninka 900 da kansa a kwatanta da 1050 da aka ninka da kansa: sakamakon bai kai kashi 74 cikin 100 ba. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar makunnan ya tafi ke nan. Ragin katin gaba ɗaya bai kan kai haka cif ba, tun da ma'ajiyar bayanansa da fankokinsa suna nan suna cin nasu rabon.

Mai karatu yana iya tambaya: in haka ne, don me kamfanin bai rage matsin da kansa ba? Dalilai biyu ne. Na farko, ƙwayoyin da suka fito daga masana'anta guda, a rana guda, ba su zama daidai wa daida. Wata tana aiki lafiya da matsi kaɗan, wata sai an ƙara mata. Kamfanin da ke sayar da miliyoyin katuna ba ya son ko ɗaya ya dawo masa, saboda haka yakan bar rara mai faɗi da za ta wadatar da mafi raunin ƙwaya a mafi munin yanayi. Mai kati guda ɗaya yana da halin da kamfanin ba shi da shi: ya zauna ya gwada nasa, ya gano iyakarsa, ya karɓe rarar.

Dalili na biyu gasa ce. Katin da ya fi na abokin hamayya sauri, ko da da kashi 3 cikin 100 ne, shi ke cin kasuwa, don haka ake tura ƙwayar har ƙarshen abin da za ta iya. Megahaz ɗari ko ɗari biyu na ƙarshe su suka fi tsada, domin kowane ƙarin sauri a wannan matakin sai da ƙarin matsi. Direbobin hanyar Maradi zuwa Damagaram, mai kusan kilomita 240, sun san irin wannan ciniki: mai gudun 120 yana riga mai gudun 110 isa da minti goma sha ɗaya kacal, amma tankinsa ya fi ramewa, injinsa ya fi wahala. Lokacin da RTX 4090 ya fito a 2022, masu gwajin kayan kwamfuta da dama sun nuna cewa in an datse cin wutarsa zuwa kashi 70 cikin 100, watau daga wat 450 zuwa 315, saurinsa a yawancin wasanni ba ya raguwa da abin da ya kai kashi 10.

Abin da zafin bazara ke yi wa katin

Na'urar sanyaya kati ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗaki take ja ta busa wa ƙarfen da ke kwashe zafin ƙwayar. Abin da take iyawa shi ne ta riƙe tazara tsakanin zafin ƙwayar da na ɗakin. Katin da aka gwada a ɗaki mai digiri 22 aka ga ya tsaya a 72, tazararsa digiri 50 ce. A kai shi shagon da rufin kwano ya dafa har digiri 40, lissafin ya kai shi 90. Kafin ya isa nan katin zai kare kansa: da yawa daga katunan Nvidia an saita su su fara rage sauri sosai a digiri 83, kuma tun kafin wannan iyaka suna ɗan sassautawa mataki mataki. Ma'ana, mutum ya biya kuɗin saurin da yanayin garinsa ba ya barinsa ya mora.

Akwai kuma wata wuta da ke yoyo ta cikin makunnan ko suna rufe, wadda ke ƙaruwa idan ƙwayar ta yi zafi. Zafi ya ƙara yoyo, yoyo ya ƙara zafi. Rage matsi yana karya wannan zagaye ta gefe biyu, shi ya sa a ɗaki mai zafi katin da aka rage wa wuta yakan riƙe saurinsa daga safe har yamma, alhali wanda aka bari yadda ya zo yana farawa da gudu ya ƙare da ɗingishi.

Tsawon rai ma yana ciki. Ƙa'idar da masu gyaran lantarki ke bi ita ce, ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar wasu kwandansato gida biyu. Fankar da ke juyawa da iyakar ƙarfinta kullum ta fi saurin cinye gindinta, kuma ta fi jawo ƙura. Wayoyi ma suna da iyaka: ramin da ake soke katin yana ba da wat 75, waya mai baki 6 wat 75, mai baki 8 wat 150. A ƙarshen 2022 an sami katunan RTX 4090 da sabon mahaɗinsu mai baki 16 ya narke, kamfanin kuma ya danganta abin da rashin soke wayar har ƙarshe. Rage cin wuta ba ya gyara mahaɗin da ba a soke daidai ba, amma yana sauƙaƙa wa wayoyin nauyi.

Yadda ake yi

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce datse iyakar cin wuta: a ja wani ma'auni daga kashi 100 zuwa 80 ko 70, katin da kansa ya rage sauri da matsi domin ya zauna ƙarƙashin iyakar. Wannan ba ta da haɗarin tsayar da injin, domin katin yana bin jadawalin da kamfanin ya gwada. Ita ta dace da wanda ba shi da lokacin gwaje-gwaje, da kuma injin da ake neman abinci da shi.

Ta biyu ita ce ainihin rage matsi, inda ake neman sauri kusan iri guda da wuta ƙasa da ta da. Tun 2016 wannan ya sauƙaƙa. A shekarar AMD ya saka wani sashe mai suna WattMan cikin manhajar katunansa, wanda daga baya ya koma cikin manhajar Adrenalin, katunan Nvidia na jerin GTX 1000 kuma suka ba da damar gyara jadawalin matsi da sauri ɗigo ɗigo. Masu katin Nvidia galibi da manhajar MSI Afterburner suke aiki, wadda kyauta ce kuma tana karɓar katin kowane kamfani.

Ana farawa da auna katin yadda yake. A ɗora masa aiki mai nauyi na minti 20, ko da manhajar gwaji irin su Unigine Heaven ko 3DMark, ko da ainihin aikin da aka saba yi, a rubuta a takarda saurin da ya tsaya a kai, da matsinsa, da zafinsa, da wat ɗin da ya ci. Manhajar GPU-Z ko HWiNFO tana nuna dukkan waɗannan. Daga nan a buɗe jadawalin cikin Afterburner ta danna Ctrl da F tare. Layin kwance matsi ne, na tsaye sauri. A zaɓi ɗigon da ke kan milibolt 950 ko 925, a ɗaga shi zuwa saurin da aka rubuta ko ɗan ƙasa da shi, a shimfiɗe dukkan ɗigogin da ke damansa su daidaita da shi domin kada katin ya wuce wannan matsi, sannan a tabbatar. A manhajar AMD abin ya fi sauƙi, lamba guda ake ragewa.

Sai gwaji. In katin ya yi awa guda yana aiki lafiya, a ƙara sauka da milibolt 25 a sake gwadawa. In allo ya yi baƙi, ko wasu ɗigogi masu launi suka bayyana, ko manhajar aikin ta rufe kanta, an wuce iyaka ke nan. Sai a koma mataki ɗaya ko biyu baya a tsaya nan. Sannu ba ta hana zuwa. Lambobin da suka yi wa katin wani daidai ba lalle su yi wa na maƙwabcinsa ba ko da sunansu ɗaya, kuma gwajin da aka yi da sanyin Janairu ya kamata a maimaita shi da zafin Mayu. Wannan saiti ba ya shiga jikin katin ya zauna: a Afterburner, da an kashe injin an kunna ya koma yadda kamfani ya yi shi, sai fa in an umarci manhajar ta riƙa ɗora shi a kowace kunnawa. Kada a ba da wannan umarni sai bayan kwanaki ana aiki ba matsala.

Nawa ake samu

A ɗauki katin da aka rage wa wat 80, wanda ke aiki mai nauyi awa 8 a yini, kwana 26 a wata. Ragin ya kama kusan kilowat-awa 17 a wata. Ga mai inji guda da ke kan layin Nijelek wannan ba dukiya ba ce, ribarsa ta fi yawa wajen sanyi da shiru da lafiyar kaya. Ga ma'aikatar da ke da injuna goma kuwa abin ya kai wajen 170, kuma in ɗakin yana da kilimatizer akwai ƙarin ragi, tun da kowane wat na zafi da bai shigo ɗaki ba, ba a biyan kuɗin fitar da shi.

Inda lissafin ya fi nauyi shi ne wurin wanda ke dogaro da batir ko injin wuta. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijelek ke rabawa daga Nijeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maradi da Damagaram. Da aka yanke shi a watan Agusta 2023 sakamakon takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, har zuwa watan Maris 2024, masu sana'a da yawa sun koma ga hasken rana da gurup. Wat 80 na awa 8 ya kama wat-awa 640. Batir na dalma mai bolt 12 da amfer-awa 100 yana ɗauke da 1200, kuma rabi kawai ake so a ja daga cikinsa in ana son ya daɗe, watau 600. Saboda haka gyaran da bai ci ko dala ba yana daidai da batir guda da ba a saya ba. Hakanan ondiler ɗin da ke riƙe injin minti goma bayan ɗaukewar wuta zai ɗan ƙara jimawa, wanda sau da yawa shi ne bambanci tsakanin adana aiki da rasa shi.

Manyan cibiyoyin duniya ma wannan lissafi suke yi, domin katuna irin su H100 na Nvidia, masu cin har wat 700 kowane, su ne ke horar da manhajojin basirar na'ura, dubbai a ɗaki guda. A 2023 cibiyar manyan kwamfutoci ta Lincoln, a jami'ar MIT ta Amurka, ta bayyana cewa datse cin wutar katunanta ya rage lantarkin da ake kashewa da kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wani aikin awa 80 kuma ya koma 82 kacal.

Iyakar dabarar da haɗarinta

Ƙarancin matsi ba ya ƙona ƙwaya, yawansa ne ke yin haka, kuma masu ƙara wa kati matsi domin neman sauri su ne sukan je neman ƙiba su samo rama. Haɗarin rage matsi yana kan aiki: injin yana iya tsayawa ana tsakiyar fitar da bidiyon da za a miƙa wa mai biki da safe. Wani lokaci ma ba ya tsayawa, sai dai kuskure ya kutsa cikin lissafi ba a sani ba. Wanda aikinsa ya shafi ƙididdigar gini ko binciken da kuskure ke da tsada a cikinsa, ya tsaya ga hanya ta farko.

Wurin ɗauko manhajar ma abin lura ne. A 2022 an gano shafunan intanet na jabu masu kama da na MSI, waɗanda ke raba Afterburner da aka cusa wa manhajar satar kalmomin sirri. Daga shafin kamfanin kansa ya kamata a ɗauko ta. Kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa da yawa an kulle musu wannan ƙofa, musamman ta wajen babbar ƙwaƙwalwar Intel, tun bayan da masu bincike suka nuna a ƙarshen 2019, cikin wani aiki da suka kira Plundervolt, cewa ana iya amfani da rage matsi a saci bayanan sirri. Na'urorin wasa irin su PlayStation da ke cike ɗakunan wasan yara ba su ba da wannan dama ko kaɗan.

Ragin yana samuwa ne lokacin aiki mai nauyi kawai. Katin da ke zaune ana rubuta wasiƙa ya riga ya sauke matsinsa da kansa. Dabarar kuma ba ta maye gurbin tsabta: ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya cikin ƴan watanni, man da ke tsakanin ƙwayar da ƙarfen yana bushewa bayan shekaru, akwatin da aka jingina da bango ko aka rufe cikin kabad kuwa numfashinsa yake sake shaƙa. Raunin kuran da tashinsa maganinsu regilater ne da ondiler na kirki.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci

Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni su ne masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum, waɗanda suka jera dubban katuna suna aiki dare da rana, kuma ribarsu ta dogara ga kowane wat. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ya canza tsarinsa, katunan suka rasa aiki, aka zubo su kasuwannin kayan hannu na duniya. Ɗan kasuwar da ke sayo tsoffin katuna, musamman RX 570, RX 580 da jerin RTX 3000, ya san cewa wasu daga cikinsu daga can suka fito. Wannan kaɗai bai isa a ƙi su ba, domin ƙwayar da ta yi shekaru da ragaggen matsi ba ta sha wahala sosai ba. Abin dubawa shi ne fankokin, da ma'ajiyar bayanan da aka tilasta wa gudu, da ko an canza wa katin manhajarsa ta ciki, abin da aka saba yi wa katunan RX. Gwajin rabin awa gaban mai saye, tare da nuna masa zafi da wat, ya fi dogon rantse-rantse. Mai shagon da ya iya saita kati daidai da zafin garin kuma ya sami wata sana'a a kan sana'arsa, kayansa ma ba za su riƙa dawowa ba.

Ga ma'aikacin gwamnati, yawancin kwamfutocin biro ba su da katin hoto na daban, saboda haka babu abin ragewa a cikinsu. Zancen ya shafi sassan taswira, safiyo, gine-gine, watsa labarai da ɗakunan bincike na jami'o'i. Injin hukuma ba na mai amfani da shi ba ne, shawara tana hannun mai kula da kwamfutocin ma'aikatar, wanda zai iya ɗora iyaka guda a kan injuna duka. Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne lokacin rubuta takardar sayen kaya: a nemi mai kawowa ya rubuta wat ɗin kowane kati kusa da farashinsa. Katin RTX 4060 na 2023, mai cin wat 115, ya fi RTX 3060 na 2021 mai cin 170 sauri a yawancin ayyuka, kuma wannan bambanci na wat 55 ma'aikatar za ta riƙa biyansa ko tana ajiye shi kowace ranar aiki, har iyakar rayuwar injin.